Don Allah wa ya san yadda ake haɗa igiyoyin kayit? Asabar nake son gwadawa a dam

Na Bayan Kusugu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri zan ɗan yi tsayi, kwana huɗu ke nan maganar nan ta hana ni barci. Bara na raka Baba asibiti Alƙahira aka yi mashi aikin gwiwa, muka yi wata biyu da kwana tara, to da ya fara takawa wani ɗan Kano da muke gida ɗaya ya ja ni Ras Sudr bakin teku, nan na fara ganin wasan nan da ake ɗaura ma mutum wata ƙatuwar lema a ƙugu iska na jan shi a kan allo bisa ruwa, kayit suke ce mata. Wallahi tun ranar abin ya shiga raina. Na biya aka koya mani awa biyu da ƙaramar lema a kan yashi, ban kai ga shiga ruwa ba don washegari za a sallami Baba. Kafin mu taho na kwashi kuɗin da nake tarawa na sayen mashin na sayi ta hannu, lema mai mita 12, sanda da igiya huɗu, ɗamarar ƙugu, famfo da allo. Har kuɗin ƙarin kaya na biya a filin jirgi, Baba ya ɗauka tanti ne ni kuma ban gyara mashi ba. Wata takwas suna ƙarƙashin gado. Yanzu hunturu ya shigo iska ta samu, Asabar ina son mu je dam ɗin Daberam da ƙanena. Matsalar ita ce jiya na baje su a tsakar gida igiyoyin sun cukurkuɗe, na warware amma launinsu ya koɗe, ban san na gaba ba ban san na baya ba. Sannan in na hura ta, bayan kamar minti 40 gefe ɗaya sai ya yi laushi. Ya zan yi don Allah?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Kafin komai ɗana, ka iya ruwa?

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Ƙanena ka saurare ni da kyau, shekara uku ina wannan wasan a Paje lokacin ina aiki Zanzibar. Igiya ba da launi kaɗai ake gane ta ba. Dubi sandar: biyun da suka fito daga bakunanta na dama da hagu su ne na baya, su ke tuƙi, a fiffiken lema ake ɗaura su. Biyun da suka bi ta ramin tsakiya suka haɗe da zoben da ake maƙalawa a ɗamara su ne na gaba, suna tafiya ga siraran igiyoyin da ke jikin ɓangaren da ake hurawa. Gefen sanda mai ja kullum hannun hagu. Ka ɗaure ƙarshen duka huɗun a turke ɗaya ka ja sandar, dole tsawonsu ya zo daidai, in ɗaya ta fi ko da faɗin tafin hannu ne lemar za ta riƙa karkata. Amma wannan duk ƙarami ne. In ka juya su, na gaba ya koma baya, lemar za ta tashi da cikakken ƙarfi ba tuƙi ba birki, na ga wanda ta ja a ƙasa sai da bishiyar kwakwa ta tare shi. Asabar ɗin nan ka soke ta. Nauyinka nawa?

Na Bayan Kusugu:
Na gode Yaya Injiniya, Allah ya saka. Kilo 58 nake. Amma ni ba baƙo ba ne kwata-kwata, wanda ya koya mani da bakinshi ya ce hannuna na da kyau, kuma na kalli bidiyo ya fi ɗari a YouTube.

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Kilo 58 da mita 12 a iskar hunturu? Wadda aka koya maka da ita ba ta wuce mita 2 ko 3 ba, ka bar haɗa su. Iskar teku shimfiɗaɗɗiya ce, tamu ta lafa ta taso, kafin ka ce mi ta fizge ka sama.

Malamin Fiziks:
Gaskiya ne wannan. Ƙarfin da iska ke jan lema ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. In gudun ya ninka biyu, jan ninkawa huɗu yake. Wato kana tsaye lafiya lau a iskar kilomita 20 a awa, ta ɗan zabura zuwa 40, abin da ke ƙugunka ya zama huɗun na ɗazu.

Mai Shagon Waya:
Ni laushin nan ne ya tsaya mani. Kayan hannu haka suke wallahi, bara na sayi batirin sola guda biyu wajen wani da ya rantse mani wata uku kawai suka yi aiki, ko sati biyu ba su kai ba suka daina riƙe wuta, na kira shi ya toshe lambata, har yau ina biyan bashin da na ci na saye su kuma matata kullum sai ta tuna mani. Kai dai kai ta wajen mai faci ya lalubo hujin, sai ka gwada a filin ƙwallo tukuna, ai a ƙasa ba nutsewa.

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
A'a! Biyun duka kuskure ne. Tiyub ɗin cikinta sirara ce kamar leda, facin wuta narkar da ita zai yi, tana da nata facin na mannawa. Kuma wata takwas a zafin Daura, na fi zargin gam ɗin bawul ne ya saki. Ka hura ta ka shafa ruwan Omo a bakin kowane bawul ka ga inda zai yi kumfa. Lemar da ta yi laushi naɗewa take a sama, in ta faɗa ruwa kuma ba ta tashi. Maganar filin ƙwallo kuwa, ƙasa ta fi ruwa haɗari da babbar lema, igiyar nan ta wuce mita 20, ga katanga ga wayar wuta ga yara da za su cika wajen, kuma in ta ɗaure da ƙarfi tana yanka yatsa kamar reza.

Ɗan Masu Su:
Ni a bakin dam na tashi. Abin da ba wanda ya faɗa, ruwan nan ba kamar teku ba ne da za ka ga ƙasa, akwai kututture a ciki, akwai raga da mamari da aka shimfiɗa tun dare, ƙugiyoyi ne jere a igiya, in suka kama ƙafarka ga lema na ja ta can wa zai cece ka? Bakin gaɓa kuma ƙaya ce. Ga tsargiya, mu da yawa mun yi fitsarin jini muna yara. Kuma ku masu zuwa yawon shaƙatawa kuna yaga mana raga ku shiga mota ku tafi, ba wanda ya taɓa biyan mahaifina ko sisi.

Na Bayan Kusugu:
Ni ba zan yaga ragar kowa ba, zan fara gaida su in tambaya. Yaya Injiniya na yi na Omo yanzu, bawul na biyu daga hagu shina kumfa kaɗan-kaɗan. Amma minti 40 ai ya ishe ni, ni ko minti goma na samu na gode Allah. Ku gane ba zan iya komawa Masar ba, kuɗin jirgi kaɗai ya fi ƙarfina, in ban gwada a nan ba kuɗin mashin ɗina ya tafi a banza ke nan, abokaina kowa na kan mashin ɗinshi ni ina tafiya a ƙasa.

Tsohon Gola:
Ku daina kashe ma yaro gwiwa. Wasan nan har gasar Olamfik ya shiga a 2024, a Marsel ta Faransa aka yi. Mu haka aka yi mana, na kama gola shekara shida ba wanda ya taɓa saya mani ko safar hannu, ƙarshe na bari. Ka je ƙanena, Allah na tare da kai.

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Waɗanda suka je Olamfik da malami suka fara da jirgin ceto a bayansu. To amsa mani waɗannan. Abin saki na gaggawa da ke saman zoben, ka tura shi ka ga ya buɗe? Yashi da tsatsa na cije shi, kowace rana kafin a tashi ake gwadawa. Ka san tsarin tsira, ka fara sakin sanda, in bai isa ba ka tura abin saki lemar ta mutu a kan igiyar tsira, wato gajerar igiyar da ke haɗa ɗamararka da igiyoyin lemar, in har lokacin tana ja ka saki ita ma? Kana da hular kwano da rigar da ke hana nutsewa da 'yar wuƙar yanke igiya? Ƙanen naka ya san a gefen iska ake riƙe lema, kuma ba ya saki sai ka ɗaga mashi babban yatsa? Sannan sandar da lemar kamfani ɗaya ne?

Na Bayan Kusugu:
Ba kamfani ɗaya ba ne amma wanda ya sayar mani ya ce suna tafiya tare. Abin sakin ya ɗan cije na sa mashi man keke. Igiyar tsira ban gan ta a jakar ba, ina ga igiyar talala za ta yi. Hular mashin akwai ta maƙwabcina.

Injiniya Ƙofar Ƙaura:
Wanke man nan da ruwa yanzu, yashi zai kama ya ƙara cijewa. Igiyar talala ba ta da abin saki, ɗaure kanka za ka yi da hannunka. Hular mashin kuma ruwa take sha ta yi nauyi. Turo mani hoton sandar, ka nemi 'yar lema mai mita 2 ka yi wannan hunturun da ita a fili, babbar ka adana ta inda ba zafi.

Na Bayan Kusugu:
Zan turo in an kawo wuta, caji ya yi ƙasa. Asabar dai za mu je mu duba wajen kawai, zan sa kayan a but ko da iskar ta yi sanyi.

Uwar Biyu:
Ɗan yayata shekararshi 16 ya tafi a kududdufi, ruwan ko wuyan babba bai kai ba. Tun safe na tambaye ka ba ka amsa mani ba. Ka iya ruwa? Shi kuma ƙanen naka shekararshi nawa, mahaifiyarku ta san inda za ku?