Zuwa magangarar ruwa a kewayen Ngaundere da yarinya 'yar shekara 4

Tambaya daga wata uwa a Garwa, ƙasar Kamaru:

Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna da niyyar hawa Ngaundere a hutun makaranta na watan Disamba domin ziyartar dangi, kuma ina so mu ware yini guda mu kai 'yarmu ta ga inda ruwa yake faɗowa daga kan dutse. Shekararta 4, kuma ruwan da ta sani bai wuce kogin Binuwai ba, wanda take leƙawa ta tagar mota idan muna tsallaka gada. An ambata mini wurare biyu, Vina da Tello. Wanne ne ya dace da ƙafar yarinya ƙarama, kuma me ya kamata mu riƙe? Ba na son a dawo da ita a galabaice har ta tsani fita irin wannan.

Amsa daga wani dattijo mazaunin Ngaundere:

Wa alaikumus salam, 'yata. Idan shawarata za ki bi, ku fara da Vina. Tana da nisan kimanin kilomita 15 daga gari a kan hanyar Meiganga, kuma daga inda mota take tsayawa tafiyar ƙafar ba ta da yawa, saboda haka ko da yarinyar ta gaji, mahaifinta zai iya saɓa ta a kafaɗa ku koma cikin sauƙi. Tello ta fi ban sha'awa, wannan ba na musu, domin ruwanta yana faɗowa daga tsawon da ya haura mita 40, kuma akwai wani kogo a bayan ruwan inda mutum yake tsayawa ya ga ruwa kamar labule a gabansa. Sai dai tana can gabas da gari ta hanyar Belel, wajen kilomita 50, ga kuma gangara mai tsauri kafin a isa ƙasa. Na kai jikokina can, amma sai da ƙaramin cikinsu ya shiga makarantar firamare. Ki tuna kuma cewa Ngaundere tana kan tudu mai tsawon fiye da mita 1,000, don haka sanyin safiyar Disamba ba irin na Garwa ba ne. Ki sa mata rigar sanyi wadda za a iya cirewa idan hantsi ya dubi ludayi.

Amsa daga wata uwa mai 'ya'ya uku:

'Yar'uwa, Baba ya faɗi gaskiya, amma ina so in tsaya a kan takalmi, domin a nan ne na taɓa yin kuskure. Na kai ɗana da silifas ɗin roba, muna isa kusa da ruwa ya taka wani dutse mai gansakuka wanda feshin ruwa ya jiƙa, ƙafarsa ta zame, silifas ɗaya ya bi ruwa, gwiwarsa kuma ta kuje. Allah ya tsare, ina riƙe da hannunsa. Har yau ina tuna yadda ya tsaya da ƙafa ɗaya yana kallon takalminsa yana juyawa a cikin kumfa, ni kuwa jikina yana rawa. Ki sa mata takalmi sau-ciki mai kama ƙasa, ki riƙe ta a wuyan hannu ba a yatsu ba, kuma ku yi magana da maigida tun a gida a kan wanda zai kula da ita yayin da ɗayan yake ɗaukar hoto. Ki tafi da zanen goyo ko da kina ganin ta wuce goyo. Ruwan sha mai yawa, ayaba, dafaffen ƙwai da kayan sauyawa sun wadatar. Idan ta tsaya kallon tururuwa ko ta tsinci tsakuwa, ku bar ta, ita ma yawonta ke nan.

Amsa daga wani ma'aikacin jinya:

Hajiya, ina roƙon kada ku bar ta ta shiga ruwan, ko da a gefe ne inda ya kwanta. Cutar tsargiya tana shiga ta fata daga ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi, kuma yara ne ta fi kamawa. A bakin ruwa mai gudu kuma akwai ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da rana, waɗanda suke yaɗa cutar da ke jawo ƙaiƙayi da makanta, kuma kwarin Vina sananne ne da su. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ake cizo shekara da shekaru, ba mai ziyarar yini guda ba, amma dogon wando da riga mai dogon hannu za su rage mata cizon.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da Vina, za mu fita bayan karin kumallo mu dawo kafin azahar. Baba, idan mun iso zan so sanin ko ya fi kyau mu nemi wani ɗan gari ya raka mu.