Wane mai ya dace da huda ƙarfe da yanka tiredi a gida?

Mai tambaya, daga Gwallameji: Assalamu alaikum iyayen gidana masu sana'ar ƙarfe. Ba sana'ata ba ce, amma ina taɓa ƙananan ayyuka a gida. Yanzu ina haɗa kantar da zan ɗora farantan sola da ƙarfen angil, ina so in huda in yanka tiredi, wato zaren da ake murɗa noti a ciki, na noti M8 mai kaurin milimita 8. Baƙin man da nake juyewa daga babur nake ɗigawa. Bakin hudar yana hayaƙi har ya koma shuɗi, taf ɗin kuma, wato ƙarfen da ake yanka tiredin da shi, ya karye a cikin rami. Man ne bai dace ba? Akwai kuma alminiyam da guntun sitenlas da zan huda daga baya. Don Allah a taimaka.

Mai walda, Railway: Wa alaikumussalam. Malam, tun muna yaran shago baƙin mai muke sawa, aiki yana tafiya. Ka rage gudun injin kawai.

Malamin koyar da aikin inji: Oga ya yi gaskiya a kan gudu, amma a kan mai ban bi shi ba. An yi man inji ne don ya shiga tsakanin ƙarfe biyu ya hana su cin juna, kai kuwa so kake baki ya ci ƙarfe. Man yanka na gaskiya, wannan mai duhu mai wari, akwai farar wuta a cikinsa. Idan zafi ya tashi a bakin yanka, ita ke hana ɓarɓashin ƙarfe manne wa haƙoran taf. Wanda aka juye daga inji kuwa cike yake da ƙurar ƙarfe da dattin ƙonewa, kuma yawan taɓa shi yana cutar da fata. A huda ɗaya ko biyu ya fi babu, amma a yankan tiredi ba na ba da shawararsa.

Shuɗin nan da ka gani alama ce bakin ya ƙone, taurinsa ya ragu, ko ka wasa shi sai ka cinye wurin da ya ƙone kafin ya sake ci. A ƙarfen angil, baki mai milimita 10 bai kamata ya wuce juyi 800 zuwa 900 a minti ba, injin hannu kuwa idan ka matse shi har ƙarshe yakan ninka haka. Ka duba abin da ke fitowa daga ramin: idan ɓarɓashin yana fita a nannaɗe, dogo, mai haske, hannunka ya daidaita. Idan gari yake fita, gogawa kawai kake yi.

Sai tambayata: da baki mai lamba nawa ka huda kafin ka sa taf?

Mai tambaya: Da 6 ne Malam, shi ne a hannuna.

Malamin: To nan gizo ke saƙar. M8 da 6.8 ake huda masa, M6 da 5, M10 da 8.5. Lissafin shi ne ka cire tazarar tiredi daga kaurin noti, wato a M8, 8 a cire 1.25, saura 6.75, kusan 6.8 ke nan. Ramin 6 ya matse sosai, ko da man da ya fi kowane tsada ka zuba sai taf ya karye. Idan ba ka samu 6.8 ba, 7 zai yi maka a wannan aikin. Kuma taf saiti uku ne, ka fara da mai tsinin baki. Ka juya rabin zagaye gaba, ka ɗan koma baya har ka ji ɓarɓashin ya ce ƙas, ka ɗiga mai, ka ci gaba. Da ka ji ya cije, kada ka sa ƙarfi, fito da shi ka share.

Mai aikin famfo, Wunti: Man da Malam yake faɗa shi muke yanka tiredin fayif da shi. Ka tambayi masu sayar da kayan famfo, ka ce man yanka tiredi. Kamfanin Ridgid suna yinsa, akwai kuma Rocol da Tap Magic in an dace. Ƙaramar gora za ta daɗe maka, ɗigo ake yi ba wanka ba.

Mai tagogin alminiyam, Yalwa: Ɗan'uwa, a alminiyam manta da wannan duka, kananzir ne maganinsa. Ƙarfe ne mai laushi, yana danƙarewa a baki kamar cingam, kananzir ke wanke shi. Man feshi na WD-40 ma yana yi. Fetur dai kada ka kusance shi, tartsatsin cikin injin huda ya isa ya tada wuta.

Wani dattijo maƙeri: 'Ya'yana, kafin waɗannan gwangwanaye su zo da kitse ake yi, kuma yana yi har gobe. Man gyaɗa ma ya fi baƙin mai a yankan tiredi. Aibinsa idan ya kwana a jikin kaya yana yin danƙo ya yi wari, ga ƙurar hunturu ta manne masa. Ka goge kayanka da ka gama. Ƙarfen zubi kuma, irin na bulok ɗin inji, a bushe ake huda shi, mai yana mai da garinsa taɓo ne kawai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba. Saura sitenlas ɗin, shi ma man tiredin zan sa?

Malamin: Shi za ka sa, kuma da yawa. Sitenlas yana da wani hali: idan baki ya tsaya yana goga bai ci ba, wurin sai ya ƙara tauri nan take, daga nan ko sabon baki ka kawo zai sha wuya. Ka nemi baki mai kobalt, za ka ga an rubuta HSS-Co a jikinsa. Gudu kada ya wuce rabin na angil, ka danna da nauyi ba tare da sassautawa ba har ya fasa. Kafin ka yi walda ko fenti a kantar, ka wanke man da tina, in ba haka ba fentin ba zai kama ba.