Gida a Wudil: in saya ko in ci gaba da haya a Kano?

Mazaunin Kurna: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 11 ina haya a Kurna da iyalina, yara biyar. An nuna mini wani gida na sayarwa a Wudil: ɗaki uku kowanne da banɗaki, falon baƙi mai ƙofarsa daban, tayil, rijiyar burtsatse da sola. Tsakar gidan har da bishiyar darbejiya. Uwargida ta gani, tun ranar ba ta da wata magana. Matsalata shagona yana Kantin Kwari. Me kuka gani?

Wani daga Hotoro: Alhaji, kafin tayil ka tambayi takarda. Gidan gado ne? In haka ne, kowane magaji ya sa hannu, har mata, a gaban shaidu da mai unguwa. Dillali la'adarsa kawai yake nema. Ka je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a duba maka ko filin yana da shaidar mallaka.

Hajiya daga Gwale: Ɗana, ka koma ka gan shi a watan Agusta, bayan ruwa mai ƙarfi. Garin yana bakin kogi. Ka duba gindin katanga, in danshi ya taɓa hawa za ka ga shaidarsa ko an sake fenti.

Direban hanyar Gaya: Ranka ya daɗe, gwada zirga-zirgar na sati guda tukuna. Ran Juma'a, da kasuwar shanu ke ci, wajen gada ba ya shiguwa da sauƙi.

Mazaunin Kurna: Na gode, Hajiya. Na gaya wa dillalin sai bayan damina.