Me ya sa labarin da babu aljani a cikinsa ya hana ni barci?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Na karanta wani ƙagaggen labari na wata mata da mijinta ya kai ta wani gida nesa da jama'a. Babu duka, babu jini, amma sai da na kwana biyu ina juyi. Inda ya fi tsaya mini a rai shi ne da ta ajiye mabuɗi a bakin taga, da safe ta tarar da shi cikin aljihunta, mijin ya yi murmushi ya ce ai da hannunta ta sa shi. Shin hankalinta ne ya taɓu, ko shi ne yake juya ta?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malama. Da gangan aka hana ki amsa, domin daga bakin matar kaɗai labarin yake fitowa, kuma an raba ta da duk wanda zai iya gaskata ta. Haka marubuciya Charlotte Perkins Gilman ta yi a Amurka a 1892 cikin labarinta mai suna The Yellow Wallpaper, inda mijin, wanda likita ne, ya hana matarsa rubutu da ziyara da sunan hutu, har ta fara ganin wata mata a bayan zanen takardar adon da aka manna a bangon ɗakin. Lallashin da yake yi mata ya fi ba ni tsoro, don da tsawa ya yi da ta san da wa take faɗa.

Amsa ta biyu:
Malam, ina ganin ka yi saurin ɗora wa mijin laifi. A 1923 Joseph Capgras, likitan ƙwaƙwalwa a Faransa, ya bayyana larurar wata mata da ta haƙiƙance cewa an musanya mijinta da wasu masu kama da shi. Mai irin wannan larura iyakar gaskiyarta take faɗa, kuma mijin da take tsoro bai yi mata komai ba.

Amsa ta uku:
'Yar'uwa, ki duba ko an ambaci sunan matar. A littafin Rebecca na marubuciya Daphne du Maurier, wanda ya fito a 1938, ba a taɓa faɗin sunan yankan mai ba da labarin ba, alhali sunan matar mijinta ta farko da ta rasu ya cika gidan.

Mai tambaya:
Na koma na duba. Sau ɗaya aka ambace shi, a jikin wata wasiƙa daga 'yar'uwarta, wadda mijin ya karɓa bai ba ta ba.