Turjiya ko tarnaƙi: wace kalma za mu ba "impedance"?

Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibai bayani a nan Samaru kan yadda tantanin da ya lulluɓe cikin baki yake karɓar lantarki, sai kalmar "impedance" ta tsayar da ni. "Resistance" dai turjiya muke ce mata, kuma ta zauna daram. Da ita wani mai bincike, Sunada na ƙasar Japan, ya yi aiki a 1962, lokacin da ya nuna cewa turjiyar da ke tsakanin ƙarshen saiwar haƙori da tantanin baki tana tsayawa a wajen om 6,500 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), abin da ya haifar da na'urar da likitocin haƙori ke auna zurfin saiwa da ita. Amma "impedance", kalmar da masanin lantarki Oliver Heaviside ya ƙirƙira a 1886, ta shafi riƙon da ake yi wa lantarki mai kai-komo ne, kuma adadinta yana sauyawa gwargwadon saurin kai-komon.

Amsa daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ba da shawarar tarnaƙi. Duk wanda ya ga jakin da aka yi wa tarnaƙi a bakin gona ya san ba a hana shi tafiya ba, takunsa aka rage, kuma yadda igiyar ke damunsa ya danganta da irin tafiyar da ya ɗauko.

Amsa daga Shika: Allah ya gafarta Malam, akwai gyara. Jaki in ya ƙara sauri igiya ta fi riƙe shi, alhali a naman baki akasin haka ake gani. Lantarki mai jinkirin kai-komo sai ya zagaye ƙwayoyin halitta ya bi ruwan da ke tsakaninsu, mai sauri kuwa yana ratsa bangonsu ya wuce.

Mai tambaya daga Samaru: Na gode, kuma gyaran yana kan hanya, sai dai bai kayar da kalmar ba. A naɗaɗɗiyar waya irin ta cikin taransifoma halin jakin ake samu sak, domin sauri yana ƙara riƙon. Abin da muke buƙata shi ne kalmar da ke nuna riƙo mai sauyawa da sauri, wanda "cikas" ba ta nunawa, ga shi kuma ta yi faɗi da yawa. Na rubuta "tarnaƙin lantarki" a bayanin, jimlar farko kuma ita ce: tarnaƙin ganɗa ya fi na cikin kunci, saboda fatar ganɗa ta fi tauri.