Na rufe shago na hau dutsen Atwea, ko na zauna na gyara addu'ata a gida?

Telan Aboabo: Salama gare ku 'yan'uwa cikin sunan Yesu. Tun rasuwar mahaifiyata addu'a ta bushe mini. In na durƙusa da safe, kafin na kai "amin" hankalina ya tafi wurin kuɗin haya, don mai gida ya ce a biya na shekara biyu gaba. Wani abokina ya matsa mini na rufe shagona a nan Kumasi kwana bakwai mu hau Atwea, dutsen addu'a da ke yankin Ashanti na Ghana. Ga ɗinkin Kirsimeti ya fara shigowa, ga matata da tsohon ciki, ni kuma ina da gyambon ciki, likita ya hana ni azumi mai tsanani. Waɗanda suka taɓa hawa nake tambaya: bayan kun sauko, addu'ar kullum ta ɗore, ko a can sama aka bar ta?

Sojan Yesu: Ɗan'uwa, yi azumin kwana uku, ba ci ba sha. Duk wannan nauyin zai faɗi.

Telan Aboabo: Na ce ina da gyambon ciki fa.

Mai Koko: Na hau sau biyu. Mota za ka shiga ta hanyar Mampong zuwa ƙauyen Abasua, daga nan ƙafa ce. Wani faston Metodis ne ya fara hawa wurin don addu'a a 1965, yanzu kowace ikilisiya na zuwa. Ka ɗauki bargo, sanyin dare a sama ba na wasa ba ne. Sidi 150 ya ishe ni zuwa da dawowa har da abinci.

Ɗan Kejetia: 150? Yaushe rabonki da hawa, Yaya? Ni 400 ya tafi, kuma ban ci nama ba. Yaran da ke ɗaukar kaya zuwa sama kaɗai sun karɓi 50.

Mai Koko: To wa ya ce ka tafi da akwati kamar mai zuwa Ingila?

Maman Biyu: Ɗana, ka saurare ni. Lokacin da maigidana ya kwanta, haka aka yi ta ja na daga wannan wurin addu'a zuwa wancan. A ƙarshe na faɗa hannun wani mai kiran kansa annabi. Kafin ka gan shi sai ka biya, abin da suke kira akwankyere, wai nuna hanya. Ya sayar mini da mai a 'yar kwalba, ya ce a daina maganin asibiti don alamar rashin bangaskiya ne, ya kuma ce ƙanwar mijina ce ta ɗaure shi. Na sayar da keken ɗinkina na kai masa. Wata huɗu muna haka. Ranar da muka koma asibiti likita bai ce mini komai ba, kallona kawai ya yi. Mun binne shi kafin Ista. Da na koma wurin mutumin, ya ce ni ce na yi shakka. Har yau ni da ƙanwar mijina ba ma gaisawa, ita da ta yi jinyarsa tare da ni. Shekara guda ban iya buɗe baki na yi addu'a ba. Abin da ya dawo da ni, wata tsohuwa ce a zumuntar mata, kullum da yamma ta zo ta karanta mini Zabura ɗaya, ta tashi ta tafi, ko ruwa ba ta sha.

Ɗan Kejetia: Allah ya ƙara miki haƙuri, Mama. Amma ba dutsen ne ya cuce ki ba, mutum ne.

Maman Biyu: A irin wuraren nan suke farautar masu nauyin zuciya. Ni na gani da idona.

Dattijo: Yesu da kansa ya hau dutse ya kwana yana addu'a, Luka 6:12. Shi ne kuma ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, Matiyu 6:6. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa, yana kuma riƙe da aikin sarki. Shawarata, ɗana, ka tashi minti ashirin kafin ka buɗe shago, ka karanta sura ɗaya, ka kira damuwarka da sunanta a gaban Ubangiji, har da kuɗin hayar. Ka sa matarka a ciki. Dutse yana nan bayan an yi suna.

Sojan Yesu: Baba, da girmamawa, kai daga Jos kake rubutu. Ka taɓa taka Atwea?

Dattijo: Na yi shekaru ashirin a unguwar Asawase ta Kumasi kafin a haife ka.

Sojan Yesu: Zama a Asawase daban, hawa dutse daban.

Kwaku Bahaushe: Tela, kai da ke Aboabo ai ba ka da matsalar tashi. Ladan zai tashe ka da asuba kyauta, ko batir ba ka saya. Ni maƙwabcina Alhaji har ƙofa yake buga mini, wai "Kirista, tashi ka gaida Ubangijinka."

Mai Koko: Alhajin ya fi wasu dattawan coci aiki ke nan.

Telan Aboabo: Na gode. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ko addu'arsa ta ɗore bayan ya sauko.

Ɗan Kejetia: Tawa ta yi mako biyu. A sama kowa da Twi, harshen Ashanti, yake addu'a, ni kuwa in ba da Hausa ba, ji nake kamar ciniki nake yi. Haka ma a cocinmu, wa'azi da Twi, fassara da Turanci, mu 'yan zango sai "amin".

Maman Biyu: Ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tun 1932 akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma na zaga shagunan Adum, a tsakiyar Kumasi, ban samu ba. Nawa daga Kano aka kawo mini, bangonsa ma ya cire.

Sojan Yesu: Akwai shi a waya, Mama.

Maman Biyu: Da wane ido? Wanda zai je Najeriya kafin Kirsimeti ya yi mini magana, mai manyan baƙaƙe nake so.