Idon maigidana na dama yana turowa waje, don Allah ku ba ni shawara

Maman Amira: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun bayan azumi maigidana yake ramewa, ga zufa ko da sanyi, ga bugun zuciya. Direba ne, yana kai kaya Agadas, ni kuma ina fama da yara da surukata da ba ta son a ambaci asibiti, sai muka ɗauka gajiya ce. Yanzu idonsa na dama ya turo, ko barci yake yi ba ya rufuwa duka, matakalar bene ma biyu-biyu yake ganinta. Likita ya rubuta gwajin jini na maƙoƙo da hoton CT na kwarmin ido. Kuɗin hoton ya fi ƙarfinmu. Dole ne a yi?

Ɗan Zariya: Dole ne, Hajiya. In maƙoƙon ne, ƙwayar idon lafiyarta lau, naman da kitsen da ke bayanta ne suka kumbura suka turo ta. Amma tunda ido ɗaya ne, hoton ne zai nuna ko akwai ƙari a ciki. Yana shan sigari? Tana ƙara tsananta ciwon nan.

Inna Mai Koko: Ni wani asibiti ya karɓi kuɗin hotona, na yi ta zirga-zirga, ƙarshe aka ce na'ura ta lalace. Har yau ba su mayar mini ba. 'Yata, ki ɗiga masa zuma, ki haɗa da addu'a.

Baban Yara: Tun 2020 Amurka ta amince da Tepezza, ƙarin ruwa ne sau 8, yana mayar da idon ciki. Ki tambaya.

Ɗan Zariya: Inna, addu'a kam a yi, zuma kuwa kada ta shiga idon nan. Baban Yara, wanda hoto ya gagara ina zai kai Tepezza? Akwai allurar jijiya ta rage kumburi, mako-mako har 12, akwai aikin faɗaɗa kwarmin ta hanci. Ku je Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In launuka suka fara dusashe masa, ranar za ku tafi, jijiyar gani ce ta matsu. Ya ajiye tuƙi kuma.

Maman Amira: Sigarin ai ba ta da yawa, ya rage sosai. Tuƙin kuma da shi muke ci, wa zai riƙe gidan? Ba sakaci muka yi ba. Gwajin jinin kaɗai ba zai wadatar ba tukuna?